2G, 3G, 4G, 5G ko Wi-Fi: wanne ya fi shan cajin waya?

Akwai shawarar da ta daɗe tana yawo tsakanin masu wayar hannu: in kana son cajinka ya kai ka dare, sauko da wayar daga 4G zuwa 3G, ko ma 2G. Da 5G ta shigo sai shawarar ta sauya riga, ta koma "kashe 5G, ita ke cinye maka batir". Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, amma wanda ya bi su ido rufe zai iya tashi da waya mai nawa, cajin kuma bai ƙaru da komai ba. Lambar da ke manne da harafin G tana da nata kason a shan caji, sai dai abu biyu sun fi ta nauyi: ƙarfin sabis a inda kake zaune, da tsawon lokacin da modam ɗin wayar ke ɗauka a farke. Da waɗannan biyun za mu auna kowane zaɓi.

Ga ɗan lissafin da zai yi mana amfani a gaba. Batirin da aka rubuta wa 5,000 mAh, irin na wayoyin Android da yawa a yau, yana ɗauke da wutar da za ta iya ba da kusan wat 19 na tsawon awa guda. Ke nan duk abin da ke jan wat ɗaya a cikin wayar zai cinye kusan kashi 5 cikin 100 na cajin a kowace awa. Modam, wato ɗan guntun na'urar da ke magana da ƙarfen sabis, in yana tsakiyar aikin data yakan ja wajen wat ɗaya, wani lokaci ya haura biyu. In kuwa yana hutawa, yana sauraren ko kira zai shigo kawai, abin da yake ja bai taka kara ya karya ba. Tazarar da ke tsakanin barcin modam da farkawarsa ta fi tazarar da ke tsakanin 3G da 4G nesa ba kusa ba.

Nisa tsakaninka da ƙarfen sabis

Waya ba ta aika sigina da ƙarfi iri ɗaya kullum. Ƙarfen sabis ne ke umartar ta ta ƙara ko ta rage, gwargwadon yadda yake jin ta, kuma a tsarin 3G wannan umarni yana zuwa har sau 1,500 a daƙiƙa guda. Kamar mai magana ne: wanda ke gefenka raɗa ta ishe shi, wanda ke can ƙetaren fili sai ka ɗaga murya, kuma ko ka ɗaga sai ya ce maimaita. Maimaitawar ma tana cikin lissafi. Duk guntun bayanin da bai isa daidai ba sai an sake aika shi, sannan ƙarfen yakan rage wa mai raunin sabis gudu don saƙon ya isa lafiya. Hoton da zai tafi cikin daƙiƙa biyu sai ya ɗauki ashirin, duk ashirin ɗin kuma wayar na aiki da iya ƙarfinta.

Iyakar ƙarfin da yawancin wayoyi ke fitarwa a 4G miliwat 200 ne. A 2G, a zangon megahaz 900 (zango shi ne mitar rediyon da sigina ke bi), yakan kai wat 2, ko da yake a gutsuttsure ake fitar da shi, kaso ɗaya cikin takwas na lokacin kira. Abin da ake zuƙa daga batir ya ninka abin da ke fita ta eriya, domin na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi tana zubar da kaso mai yawa a matsayin zafi. Shi ya sa za ka ciro waya daga aljihu a wurin da sabis ke da rauni ka ji bayanta da ɗumi, alhali ba ka taɓa ta ba.

Nisa kuma ba kilomita kaɗai ba ne. Katangar kankare, rufin ƙarfe, ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa, cikin lif, jikin mota, duk suna cin sigina. Wani lokaci bambancin waya mai ɗumi da mai sanyi bai wuce matsar da ita daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin taga ba.

Sandunan sabis da ke saman allo ba abin dogaro ba ne sosai, don kowane kamfanin waya shi ke yanke wa kansa abin da sanda uku ke nufi. Ainihin ma'aunin lamba ce da ake rubutawa da dBm. A Android tana cikin saituna, a sashen bayanin waya, ƙarƙashin matsayin sim. A iPhone ana buga *3001#12345#* a danna kira. Lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta. A 4G, -80 sabis ne mai kyau ƙwarai, -100 na tsaka-tsaki ne, daga -110 zuwa ƙasa kuwa wayar na wahala. Kowane ragin 10 yana nufin siginar ta yi rauni ninki goma, don haka -110 ya fi -80 rauni sau dubu. Mutum biyu masu waya iri ɗaya, a layi ɗaya, ɗaya a -80 ɗaya a -112, ba za su taɓa ba da labari ɗaya a kan batir ba.

Mafi muni shi ne gaɓar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. A nan wayar ba ta samun barci: ta laluba zanguna ɗaya bayan ɗaya, ta kama, ta yi rajista, sabis ya kuɓuce, ta koma farko.

Daƙiƙun da ba ka gani

A ce waya na aljihu, allo a kashe, sai wani ya turo maka "ka isa lafiya?" a WhatsApp. Modam yana barci, yana farkawa ne kusan kowace daƙiƙa ɗaya ko biyu ya leƙa ko ana neman sa. Ya ji ana kira, ya tashi, ya nemi a ba shi hanya, aka ba shi. Saƙon kansa bai kai ƙiftawar ido ba ya sauka. Sai dai modam ba ya komawa barci nan take. Kamfanin sadarwa yana riƙe hanyar a buɗe na wasu daƙiƙu, galibi wajen goma, ko da wani saƙon zai biyo baya, don kada a yi ta buɗewa da rufewa. A cikin wannan jira wayar na shan wuta ba tare da ko harafi ɗaya ya wuce ba. Masana na kiran wannan jira "wutsiya".

A shekarar 2012 masu bincike daga Jami'ar Michigan da kamfanin AT&T na Amurka sun auna wannan a kan 4G ta lokacin. Sun samu wutsiyar ta kai daƙiƙa 11 da ɗoriya, kuma a irin amfanin yau da kullum na mutane, mai yawan ƙananan saƙonni, 4G na iya cin wutar da ta ninka ta Wi-Fi har sau 23 a kan aiki ɗaya. Modam na yau sun fi na wancan zamani iya tattali, suna ɗan rufe ido a tsakanin daƙiƙun jiran, amma tsarin yana nan yadda yake.

Yanzu lissafa. Saƙo sittin da suka shigo ɗaya-ɗaya, kowane minti guda, sun tsayar da modam a farke kusan minti goma a cikin awa. Da a dunƙule suka zo, minti ɗaya ma ya yi yawa. To ƙara da manhajar imel mai leƙawa, da ta labarai, da ta yanayi, da wasan da ke ɗauko talla a ɓoye, kowacce da lokacin da take tayar da shi. Wannan ne ya sa mutum zai ce bai ci data ba yau, megabait kaɗan ne, amma caji ya tafi. Yawan tashin modam ne ya cinye shi. Google ya sa tsarin Doze a Android 6 a 2015 don ya tattara irin waɗannan buƙatu ya sake su lokaci guda in waya na ajiye, ya ƙara tsarin tsimin data a Android 7, Apple kuma ya kawo nasa a iOS 13 a 2019. A ganina kunna tsimin data da hana manhajojin banza aiki a bayan fage ya fi sauya 4G zuwa 3G amfani ga yawancin mutane, ga shi ba ya rage maka gudun intanet a lokacin da kake buƙata.

2G da 3G

2G, wadda aka fara a ƙasar Finland a 1991, don kira da gajeren saƙo aka gina ta. A wannan aikin har yau tana da sauƙin ci: in data na kashe, sabis kuma na da kyau, waya a 2G na iya daɗewa ƙwarai. Ana yawan ɗora ta a zangon megahaz 900, wanda ke tafiya nesa yana kuma ratsa gini, don haka a wurin da 4G ke sanda ɗaya 2G na iya zama cike. Wanda cajinsa ya koma kashi 8, yana jiran kira mai muhimmanci, ba shi da inda zai jona, ya kashe data ya koma 2G, ya yi daidai.

Da zarar an kunna data labari ya sha bamban. Harafin E da ke fitowa a saman allo yana nufin gudun da da ƙyar yake wuce kilobit 200 a daƙiƙa. Fayil mai megabait 50 a wannan gudu zai ci fiye da rabin awa. A 4G mai megabit 20 a daƙiƙa, daƙiƙa 20 ne. Ko da 2G na jan rabin wutar 4G, rabin awa da daƙiƙa ashirin ba sa haɗuwa a ma'auni, ballantana a tuna cewa duk tsawon jiran allon na kunne, allo kuwa shi ne babban mai shan caji a yawancin wayoyi. Akwai kuma batun da ba na batir ba: tsaron 2G ya tsufa, ya fi sauƙin kutse, har Android 12 ya zo da maɓallin kashe ta gaba ɗaya a wayoyin da suka dace.

3G ba sai an daɗe a kanta ba. An ƙaddamar da ita a Japan a 2001, ta yi zamaninta, amma a yau ita ce ta rasa tudun dafawa: ba ta kai 2G sauƙin ci a zaman jira ba, ba ta kai 4G saurin gama aiki ba, ita ma kuma tana da doguwar wutsiya. Ƙasashe da dama sun rufe ta. Jamus ta yi hakan a 2021, manyan kamfanonin Amurka uku kuma a 2022. Dalili ɗaya ne zai sa a zaɓe ta: wurin da 3G ke da ƙarfi, 4G kuma na lilo tsakanin sanda ɗaya da babu.

To daga ina shawarar "koma 3G" ta samo asali? Gaskiya ce ta wani zamani. An fara 4G a biranen Stockholm da Oslo a ƙarshen 2009, kuma wayoyin farko sun zo da modam na 4G daban, a gefen na 3G, biyun suna aiki tare. HTC ThunderBolt da ta fito a Amurka a 2011 ta yi ƙaurin suna a kan haka, masu ita da yawa ba sa kai yamma ba su nemi caja ba. An daɗe da haɗe modam ɗin wuri guda an kuma ƙanƙanta shi, amma shawarar ta ƙi mutuwa.

4G, da tarkon da ke cikinta

Ga mafi yawan mutane a mafi yawan wurare, 4G ce madaidaiciya. Fasahar ta nuna, an shafe fiye da shekara goma ana goge ta, ƙarafanta sun yawaita, kuma a wurare da yawa tana kan ƙananan zanguna irin megahaz 700 da 800 masu shiga cikin gida. Gudunta ya ishi bidiyo, kiran bidiyo, taswira da duk abin da ake yi da waya a rana. In ka ga 4G+ ko LTE+, wayar ta haɗa zango biyu ko fiye ne a lokaci guda. Tana ɗan ƙara jan wuta, tana kuma gamawa da wuri.

Tarkon yana ga masu kulle waya a "4G kaɗai" ta ɓoyayyun saituna don hana ta tsalle-tsalle. Dabara ce mai aiki ga batir da data, amma 4G ba ta ɗaukar kiran murya sai in layinka da wayarka duka suna da VoLTE, wato tsarin kiran murya ta kan 4G. In babu, wayar na sauka 3G ko 2G ne duk lokacin da kira ya shigo. Ka kulle ta, ka toshe wannan hanya: data na gudu lafiya lau, masu neman ka kuma ana ce musu ba a samun ka. Kafin ka kulle, sa wani ya kira ka ka gani.

5G: inda maganar ta fi tsawo

Tun da Koriya ta Kudu ta buɗe 5G ga jama'a a watan Afrilun 2019 ake ƙorafin tana shan caji, kuma ƙorafin yana da tushe. Sai dai 5G ba abu ɗaya ba ce, kuma wanda bai rarrabe ba zai yanke hukunci a kan wadda ba ita yake amfani da ita ba.

Yawancin kamfanoni sun fara ne da nau'in da ake kira NSA, wato 5G da aka jingina a kan 4G. A wannan tsari wayar na riƙe da 4G don karɓar umarni, sannan ta ƙara 5G a kai don jigilar data. Hanya biyu ke nan a buɗe lokaci guda, kowacce da cin wutarta. Nau'i na biyu, SA, yana tsaye da ƙafarsa ba ya buƙatar 4G, kuma an gina masa wani matsayi na rabin barci da ke ba modam damar hutawa ya kuma farka da sauri ba tare da dogon rajista ba. SA ta fi sauƙi ga batir, amma ba ko'ina ta kai ba, kuma alamar da ke saman allo ba ta faɗa maka wacce kake kai. Hasali ma a NSA alamar 5G na iya fitowa alhali wayar na zaune a 4G, tana nuna cewa akwai 5G a kusa in an buƙata.

Sai batun zango. 5G da aka fi yaɗawa a duniya tana wajen gigahaz 3.5, da faɗin hanya har megahaz 100, inda hanya guda ta 4G ba ta wuce 20. Faɗin nan shi ne sirrin gudun, shi ne kuma ƙarin aiki ga modam, wanda ke sauraro da eriya huɗu a lokaci ɗaya. Wannan zango ba ya ratsa katanga kamar na ƙasa da shi. Sau da yawa a bakin titi 5G cike take, ka shiga ɗaki ta koma sanda ɗaya, wayar ta shiga kai-komo: ta kama 5G, ta saki, ta auna, ta sake kamawa. Wannan kai-komon ne ainihin abin da mutane da yawa ke gani su ce 5G ta kashe musu batir. Akwai kuma nau'in mmWave mai zango sama da gigahaz 24, wanda aka fi samu a wasu biranen Amurka. Gudunsa na ban mamaki ne, zafinsa da cin wutarsa ma haka, amma yawancin masu waya a duniya ba za su gamu da shi ba.

Shekarun wayar ma na da ta cewa. Tarihin 4G ne ya maimaita kansa: wayoyin 2019 da 2020 masu ƙwaƙwalwar waya samfurin Snapdragon 855 da 865 sun ɗauki modam na 5G daban a gefe, sai daga Snapdragon 888 manyan wayoyin suka samu modam a haɗe. Wayar 5G ta shekarun farko da ta bana ba ɗaya ba ne a wannan fanni. Apple da kansa, da ya fitar da iPhone 12 a 2020, bai bar 5G a kunne kullum ba; ya sa zaɓin 5G Auto, wanda ke komawa 4G duk lokacin da gudun 5G ba zai ƙara komai ba. Kamfanin da ke tallar waya da 5G ya sa mata wannan birki, ai ka san akwai dalili. Wayoyin Pixel ma suna da irin wannan tsari.

A ina 5G ke cin riba? A babban aiki. Fim mai gigabait biyu, sabunta babbar manhaja, kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet: in sabis ɗinta na da ƙarfi, tana gamawa cikin ɗan lokaci modam ya koma barci, wutar da aka kashe a kan kowane megabait kuma ta fi ta 4G ƙanƙanta. A ina take asara? A hira, karatun labarai, sauraren waƙa ko karatu, da zaman aljihu. Saƙon murya na daƙiƙa talatin bai san bambancin megabit 20 da 400 ba. Ko bidiyon YouTube mai kyawun 1080p megabit biyar zuwa takwas ya ishe shi, abin da 4G mai lafiya ke bayarwa ba tare da gumi ba.

Hukuncina a nan: in wayarka ta 'yan shekarun nan ce kuma 5G na da ƙarfi a gidanka da wurin aikinka, bar ta a zaɓin da waya ke sauyawa da kanta, bambancin ba zai dame ka ba. In kana gefen da alamar ke sauyawa tsakanin 4G da 5G kana kallo, ko wayar ta farkon zamanin 5G ce, mayar da ita 4G, ka kunna 5G ranar da za ka sauke abu mai nauyi. Zaɓin tilasta 5G kullum kuwa ban ga wanda yake yi wa amfani ba sai mai gwajin gudu.

Wi-Fi

In akwai Wi-Fi mai kyau, gardama ta ƙare, shi ne mafi sauƙin ci. Na'urar da ke ba da Wi-Fi tana 'yan mitoci kaɗan daga gare ka, ƙarfen sabis kuwa ɗaruruwan mitoci ne ko kilomitoci. Wutsiyarsa gajera ce ƙwarai, ƙasa da daƙiƙa, don haka ƙananan saƙonnin nan masu tayar da modam ba sa yi masa illa sosai. Wi-Fi 6 ma ya ƙara tsarin da waya da na'urar ke yin alƙawarin lokacin farkawa. Barin Wi-Fi a kunne in ka fita ba ya cin abin a zo a gani a wayoyin yau, kuma ya fi ka manta ba ka kunna ba ka kwana a kan data.

Banda guda: Wi-Fi mai sanda ɗaya a ƙarshen gida, ko wanda ya haɗu amma intanet ɗinsa ba ya motsi. Wayar za ta yi ta gwadawa tana tsallakawa data tana dawowa. Nan gara 4G mai ƙarfi.

Ga wanda ke aiki a ginin da sabis ba ya shiga amma akwai Wi-Fi, dabarar da ta fi ita ce a sa yanayin jirgin sama sannan a kunna Wi-Fi shi kaɗai. Modam ya daina lalube ke nan. Sai dai kiran layi da saƙon banki ba za su shigo ba, sai in kamfanin layinka yana ba da kira ta Wi-Fi kuma ka kunna shi.

Sim biyu, tafiya, da raba data

Waya mai sim biyu tana sauraren kamfani biyu, kowanne da lokacin farkawarsa. In duka suna da sabis mai kyau ƙarin kaɗan ne. In ɗaya ba shi da sabis a inda kake, shi ne ɓarawon da ba a zargi: data na kan layi mai kyau, ɗayan kuma yana can yana lalube dare da rana. Kashe shi daga saituna har ka koma inda yake kamawa. Datar kuma a ɗora ta a kan layin da ya fi ƙarfi a inda ka fi zama, ko da ɗayan ya fi gudu a wani wuri.

A doguwar tafiya ta mota ko jirgin ƙasa abubuwa uku ke haɗuwa: jikin ƙarfe na tare sigina, wayar na sauya ƙarfen sabis kowane 'yan mintuna, ga kuma guraben da babu sabis sam. 5G ba ta da amfani a nan. Sauke taswira da abin saurare tun kana gida a kan Wi-Fi, ka bar wayar a 4G, a dogon dajin da ka san babu sabis kuma ka sa yanayin jirgin sama.

Aikawa ta fi karɓa tsada, domin a aikawa ne na'urar ƙara ƙarfi ke aiki sosai. Kiran bidiyo a kan data ya tara komai: kyamara, allo, sarrafa hoto, da aikawa ba tsayawa. A wurin raunin sabis, mayar da shi kiran murya kawai yana rage cin sosai.

Raba data da kwamfuta ko wata waya ta Wi-Fi shi ne aiki mafi nauyi da ake ɗora wa waya, don modam da Wi-Fi duka suna aiki ba hutu, kwamfuta kuma ba ta san tsimi ba, tana iya fara sabunta kanta a kan datarka. Haɗawa da kebul na USB ya fi: babu Wi-Fi, wayar kuma na samun caji daga kwamfutar. Bluetooth ya fi kowanne sauƙin ci amma gudunsa bai wuce megabit ɗaya ko biyu ba, na imel da rubutu ne. Wanda raba data ya zame masa aikin kullum, ƙaramar na'urar MiFi mai batirinta ta fi masa, ta ɗauke wahalar magana da ƙarfen sabis, a ajiye ta a taga, wayar ta koma kan Wi-Fi.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne zafi. Cajin da ya ƙare yau za a sake yi, amma batirin lithium da ke yawan zama cikin zafi yana rasa ƙarfinsa ne dindindin. Apple ya sa digiri 35 a ma'aunin Salshiyas a matsayin iyakar zafin wurin da ya kamata a yi amfani da iPhone. Waya na caji, tana raba data, a wurin raunin sabis, cikin riga mai kauri, ta haɗa duk abin da ke tsufar da batir da wuri.

Yadda za ka gwada a wayarka

Tun da ƙarfin sabis ya bambanta daga ɗaki zuwa ɗaki, babu teburin da wani zai buga da zai fi gwajin da ka yi a inda kake kwana. Gwajin dare ya fi sauƙi, don allo ba ya shiga lissafi. Cire waya daga caji a kashi ɗaya da ka sani, ajiye ta wuri ɗaya, duba abin da ya rage da safe. Dare ɗaya a 5G, ɗaya a 4G, ɗaya a Wi-Fi, ɗaya kuma da data a kashe. In dare a kan data ya ci kashi biyu ko uku fiye da na Wi-Fi, babu abin gyarawa. In ya ci goma ko fiye, duba lambar dBm a wurin da kake ajiye wayar. In lambar ta yi ƙasa da -110, sabis ne matsalar: sauya wuri, sauya layi, ko sauka zuwa tsarin da ya fi ƙarfi a nan. In lambar na da kyau amma cajin na zuba, wata manhaja ce ke hana modam barci, kuma shafin batir da na amfani da data a saituna za su nuna maka wadda ta yi aiki da ƙarfe uku na dare. In kuwa ko da data a kashe da yanayin jirgin sama cajin na zuba haka, batirin ne ya gaji, sai a duba lafiyarsa a saituna ko a kai a canza shi.